Yadda Ake Hawa Jirgin Ƙasa Daga Madina Zuwa Makka, da Labarin Tashoshin Garin Guda Biyu

Duk shekara, musamman daga watan Rajab zuwa ƙarshen azumi, gidana ba ya rabuwa da baƙi daga Najeriya da Nijar waɗanda suka sauka Madina da nufin su yi kwanaki suna ziyara kafin su wuce Makka su yi Umara, kuma da an gaisa an ci abinci, tambayar da kusan kowannensu yake kawowa ita ce yadda ake shiga jirgin ƙasan nan da ake ta ba su labari a gida. Amsar da nake ba su ba ta sauyawa. Jirgin yana da sauri, yana da tsabta, kuma dattijon da zaman mota yake wahalar da shi zai same shi rahama, amma ba ya jiran kowa, ba ya tsayawa a mikati, wato wurin ɗaukar harami, ba ya kuma ɗaukar kaya barkatai. Duk ɗawainiyar da direban bas da jagoran ayari suka saba ɗauke wa alhaji, ta tsayawa a mikatin Zul Hulaifa da ƙirga mutane da cusa buhuna a ƙarƙashin mota, yanzu ta dawo wuyan matafiyin da kansa, kuma dole ne ya kammala ta tun ƙafarsa tana ƙasa.

Tashoshi biyu ne a garin

Baƙo ya fara sanin cewa Madina tana da tashar jirgin ƙasa guda biyu. Ɗaya ta daina aiki kimanin shekara ɗari da suka wuce, an mayar da ita gidan tarihi, tana unguwar Anbariyya, kudu maso yamma da Masallacin Annabi (SAW), tafiyar kusan kilomita ɗaya. Ɗayar kuma, wadda ake hawa jirgi a cikinta yau, tana gabashin gari a kan titin Sarki Abdul'aziz, kimanin kilomita tara daga masallacin. Idan za ka hau tasi, ka ce wa direba "Mahaɗɗat Kiɗaril Haramaini", ko da yake za ka ji mutanen gari suna furta kalmar jirgin da "giɗar". Idan tsohuwar kake nufi, ambaton Anbariyya ya wadatar.

Ina ba kowane baƙo shawara ya ware yamma ɗaya ya taka zuwa Anbariyya kafin ranar tafiyarsa, domin wanda ya ga tsohuwar tashar zai hau sabon jirgin da wata fahimta daban. Sarkin Daular Usmaniyya, Sultan Abdulhamid na Biyu, shi ne ya ba da umarnin shimfiɗa layin dogo daga birnin Dimashƙa na ƙasar Sham zuwa Hijaz, wato yankin Makka da Madina, aka fara aikin a 1900. Ya ƙi yarda a ciwo bashin Turawa saboda wannan aiki, sai aka buɗe asusun taimako, Musulmi daga Indiya da Masar da sauran ƙasashe suka riƙa aiko da gudummawa, aka haɗa da abin da aka cire daga albashin ma'aikatan daular da wasu haraji na musamman, sojoji kuma suka yi mafi yawan aikin ƙarfi a cikin rana da ƙarancin ruwa. Babban injiniyan aikin Bajamushe ne mai suna Meissner, amma da layin ya kai yankin Ula sai injiniyoyi da ma'aikata Musulmi suka karɓi ragowar zuwa Madina, saboda alfarmar garin. Layin ya isa Ma'an a 1904, ya isa Tabuka a 1906, ya kai Mada'in Salih da Ula a 1907, sannan jirgi na farko ya shigo Madina a watan Agusta na 1908, aka yi bikin buɗewa ranar 1 ga Satumba, wadda ta yi daidai da ranar da ake tunawa da hawan Sultan gadon sarauta. Tsawonsa ya haura kilomita 1,300, faɗin tsakanin ƙarafunsa kuma milimita 1,050 ne, wato siririn layi. Tafiyar da ayarin raƙuma yake yi cikin kwana arba'in daga Sham ta dawo 'yan kwanaki da ba su wuce yatsun hannu ɗaya ba. A daidai wannan zamani ne kuma aka fara kunna fitilun lantarki a Masallacin Annabi.

Niyyar farko ita ce layin ya zarce har Makka, amma a Madina ya tsaya. Ƙabilun da suke zaune tsakanin garuruwan biyu, musamman Banu Harb, abincinsu yana cikin hayar raƙuma da rakiyar alhazai, don haka suka ƙi aikin, Sharif Husaini na Makka shi ma bai so jirgin da zai iya kawo sojojin Istambul ƙofar gidansa cikin 'yan kwanaki ba, sannan aka tuɓe Abdulhamid a 1909. Da Yaƙin Duniya na Farko ya zo, Sharif ya yi wa Turkawa tawaye a 1916, mayaƙansa tare da jami'an Ingila irin su Lawrence suka riƙa fasa gadoji da ƙarafunan layin, kwamandan Turkawa na Madina, Fakhri Basha, ya riƙe garin har watan Janairu na 1919 kafin ya sallama. Bayan yaƙin an ɗan taɓa gyara, amma zirga-zirgar ba ta sake tsayawa da ƙafarta ba, har ta mutu gaba ɗaya a farkon shekarun 1920.

Kakanninmu ba su mori wannan jirgi ba sai ɗan abin da ba a rasa ba, domin su ba ta arewa suke zuwa ba. Bahaushen wancan zamani yana fitowa ne ta Borno da Wadai da Darfur, ya yi noma ko ƙwadago a Sudan shekara biyu ko biyar yana tara guzuri, ya ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin, sannan bayan ya sauke farali ya kamo hanyar Madina, mai hali a kan raƙumi, mara hali a ƙafa, tafiyar kwana goma ko fiye. Wannan yanki na tsakanin Makka da Madina, wanda shi ne ya fi shafar mutanenmu, shi ne dai wanda Abdulhamid bai samu ikon haɗawa ba, kuma sai da aka shekara 110 kafin jirgi ya bi shi. Zuriyar waɗancan matafiya suna nan a Makka da Madina da Jidda, da yawansu suna ɗauke da laƙabin Hausawi ko Barnawi ko Fallata, kuma ba abin mamaki ba ne ka yi wa wani ma'aikaci tambaya da guntun Larabcinka ya amsa maka da Hausa.

Idan ka isa Anbariyya za ka ga ginin tashar da aka yi da baƙin dutsen da ya kewaye Madina, da tsofaffin kawunan jirgi masu aiki da gawayi, da taragu, da rumfar da ake gyaran injuna, a ciki kuma akwai zaurukan da aka jera tarihin garin tun kafin Musulunci har zuwa zamanin Saudiyya. A gaban tashar akwai Masallacin Anbariyya mai hasumiya biyu, ginin Turkawa na lokacin Abdulhamid, a cikin harabarta kuma akwai ɗan ƙaramin Masallacin Suƙya mai ƙubba uku, a wurin da malaman tarihi suka ce Annabi (SAW) ya duba rundunarsa a kan hanyar fita zuwa Badar. Lokutan buɗe gidan tarihin suna sauyawa ranar Juma'a da cikin azumi, saboda haka a tambayi ma'aikatan masauki kafin a fita.

Sabuwar tashar ta layin da ake kira Jirgin Haramaini ce. An fara aikinsa a 2009 zamanin Sarki Abdullahi, Sarki Salman ya ƙaddamar da shi ranar 25 ga Satumba 2018, aka fara ɗaukar fasinja ranar 11 ga Oktoba na wannan shekara. Tsawonsa kimanin kilomita 450 ne, da lantarki yake aiki, gudunsa yana kai kilomita 300 a awa ɗaya, jiragen kuma ƙirar kamfanin Talgo ne na ƙasar Sifen, guda 35, kowanne da tarago 13 da kujeru 417. Tashoshinsa biyar ne: Madina, da Birnin Tattalin Arziki na Sarki Abdullahi da ke kusa da Rabig, da filin jirgin saman Sarki Abdul'aziz na Jidda, da Sulaimaniyya a cikin garin Jidda, da Rusaifa a Makka. Kamfanin zanen gine-gine na Foster da ke Ingila ne ya zana huɗu daga cikin tashoshin, ban da ta filin jirgi, aka ba kowacce launinta, ta Makka ruwan zinariya, ta Madina kuma kore saboda koriyar ƙubbar masallaci. Gobarar da ta tashi a tashar Sulaimaniyya a watan Satumba na 2019 da annobar korona ta 2020 sun dakatar da zirga-zirga na wani lokaci, aka dawo aiki a ƙarshen Maris na 2021.

Tikiti da kaya

Ana sayen tikiti ta manhajar waya mai suna HHR Train, ko ta shafin intanet na jirgin, ko a tagogin sayarwa da na'urorin da ke cikin tashar. Wanda ya dogara da sayen tikiti a tasha ranar tafiya yana iya samun kujera a ranakun da babu cunkoso, amma a goman ƙarshe na azumi, da yammacin Alhamis, da lokacin hutun makarantu, zai iya wuni a zaune yana kallon jirage suna tashi a cike. Da zarar ka tabbatar da ranar da za ka bar Madina, ka sayi tikitinka, ko da saura mako biyu ne. Farashin yana hawa yana sauka gwargwadon lokaci da yawan masu nema, kuma aji biyu ne, na gama-gari da na 'yan kasuwa, wanda kujerunsa suka fi faɗi. A ganina ajin gama-gari ya ishi kowa a tafiyar da ba ta kai awa uku ba, sai dai idan akwai mara lafiya ko tsoho mai ciwon gwiwa da yake bukatar miƙe ƙafa.

Wajen cike bayanai, a rubuta suna da lambar fasfo daidai yadda suke a cikin fasfon, mazauna ƙasar kuma su sa lambar igamarsu, wato katin izinin zama, domin tikitin na mai sunan ne, ba a miƙa wa wani. Katin banki na gida ba kullum yake wucewa ba, don haka idan ya ƙi, a nemi ɗan'uwa mazaunin nan ko ɗaya daga cikin ɗalibanmu na Jami'ar Musulunci ya biya da nasa a ba shi riyal a hannu, amma a zauna tare da shi a ga abin da yake rubutawa. A lura da lokacin tashi sosai: idan shafin yana cikin Larabci, harafin sadi a gefen lokaci yana nufin safe, harafin mimi kuma yana nufin yamma, kuma na ga wanda ya zo tasha bayan la'asar da tikitin jirgin da ya tashi tun kafin asuba. A kuma duba tashar sauka, domin Jidda tana da biyu. Mai zuwa Balad, tsohuwar unguwar kasuwannin Jidda, don sayayya ko ziyarar dangi Sulaimaniyya zai zaɓa, mai kama jirgin sama kuma tashar filin jirgi, wadda take manne da sabon ginin matafiya mai lamba 1. Idan jirginka daga ginin alhazai ko ginin arewa zai tashi, sai ka ƙara lokacin shiga mota daga tashar zuwa can, domin ba tafiyar ƙafa ba ce. Bayan an biya, tikitin yana zuwa da wani zane mai kusurwa huɗu wanda na'urar ƙofa take karantawa, kuma yana da kyau a ɗauki hotonsa a ajiye a waya saboda kada intanet ya yanke a bakin ƙofa.

Maganar kaya ita ce inda mutanenmu suka fi shan wahala. Abin da aka yarda wa kowane fasinja shi ne babban akwati ɗaya da bai wuce kilo 25 ba, mai matsakaicin girma, da ƙaramar jakar hannu. Jirgin ba shi da rumbun kaya irin na jirgin sama, wurin da ake ajiye akwatuna 'yan kantoci ne a bakin kowane tarago da kuma saman kujeru. Wata shekara wata gwaggona ta zo da akwati biyu da ƙatuwar jakar Gana-mas-go, ga katan uku na dabinon ajwa da ta saya wa jikoki da maƙwabta, da na gaya mata ba za su shiga ba sai ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, duk tsawon jirgin nan a ce babu wurin dabinona?" Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, wurin mutane aka yi, ba na kaya ba." Abin da muka yi shi ne muka kai kayan wurin masu kago suka aika mata Kano kai tsaye, ta hau jirgi da akwati ɗaya. Wanda ya zo cikin ayari yana iya barin manyan kaya su bi motar ayarin zuwa masaukin Makka, shi ya bi jirgi da abin da zai bukata na kwana ɗaya. Wanda kuma zai dawo Madina kafin ya koma gida, ya jinkirta sayen tsaraba har ya dawo.

Mikati

Nan ne nake so mai karatu ya fi nutsuwa, domin kuskuren tikiti asarar kuɗi ce kawai, kuskuren mikati kuwa yana taɓa ibadar da aka baro gida dominta. Mikatin mutanen Madina da duk wanda ya biyo ta cikinta shi ne Zul Hulaifa, wanda aka fi sani da Abyar Ali ko Bi'ir Ali, a kwarin Aƙiƙ, kudu maso yammacin gari. Shi ne mafi nisa daga Makka a cikin mikatai, ya haura kilomita 400, kuma daga nan Annabi (SAW) ya ɗauki harami a Hajjin Bankwana, ya yi kwana takwas zuwa tara a hanya kafin ya shiga Makka. Tashar jirgi tana gabas, mikati yana yamma, jirgin kuma yana wucewa ta daura da shi ne jim kaɗan bayan tashi, ba tare da ya tsaya ba.

Hanya biyu ce a gaban mai Umara. Ta farko, wadda nake bi kuma nake ɗora baƙina a kanta, ita ce a je mikatin da mota kafin a tafi tasha. Mutum ya yi wankan harami a masaukinsa, wanda malaman Malikiyya suka so ga mai fita daga Madina zuwa Zul Hulaifa, namiji ya tuɓe ɗinkakkun kaya ya ɗaura gyauto da mayafi ya sa takalmin da bai rufe idon sawu ba, a yi ciniki da mai tasi a kan zai kai ku mikati, ya jira ku, sannan ya wuce da ku tasha, kuma a yanke kuɗin tun kafin a shiga mota. A masallacin mikatin akwai wuraren wanka da alwala masu yawa, da shagunan da suke sayar da harami da takalma da bel ga wanda ya manta nasa. A yi nafila raka'a biyu idan ba lokacin hani ba ne, a yi niyya, a fara talbiya, a koma mota. Wanda ya zaɓi wannan hanya ya bar masauki awa uku kafin tashin jirgi, domin zuwa mikati da zaman can da zagayowa ta titin zobe zuwa tasha suna cin kusan awa ɗaya da rabi idan hanya ta yi kyau, kuma bayan sallar Juma'a ko gab da buɗa-baki hanya ba ta yin kyau.

Hanya ta biyu ita ce a yi wanka a ɗaura harami a masauki, a yi nafila a can ko a masallacin tasha, a shiga jirgi, sannan a yi niyya idan an zo daura da mikati. Wannan ya halatta, domin daidaitar mikati tana tsayawa a matsayin mikatin ga wanda hanyarsa ba ta ratsa shi ba. Akan yi sanarwa a cikin jirgi, amma ban yarda mutum ya rataya ibadarsa a kan sanarwar da za a yi da Larabci da Turanci a daidai lokacin da yake fama da akwati ko yake lallashin yaro ba, alhali jirgin da ya kai cikakken gudunsa kilomita biyar yake shafewa a minti ɗaya. Abin da ya fi aminci ga mai bin wannan hanya shi ne ya yi niyyarsa da zarar jirgi ya motsa daga tasha. A mazhabar Malik yin harami kafin a kai mikati makaruhi ne, amma haramin ya ƙullu, alhali wanda ya wuce mikati da nufin Umara ba tare da harami ba, ya zo ya yi niyya a gaba, jini ya hau kansa, wato yanka. Tsakanin karhanci da yanka, mai hankali ya san wanda zai ɗauka. Kada kuma wani ya bar ɗaura haramin sai cikin jirgi, domin banɗakin tarago ƙarami ne, kuma kafin layi ya zo kansa an wuce wurin.

Akwai kuskuren da nake yawan ji, na masu cewa za su sauka Jidda su huta kwana ɗaya, sannan su ɗauki harami daga can. Wanda ya bar Madina da niyyar Umara a zuciyarsa, mikatinsa Zul Hulaifa ne ko da zai kwana a Jidda, sai dai ya zauna cikin haraminsa har ya isa Makka. Wanda ya tafi Jidda don kasuwanci ko aiki kawai, ba shi da niyyar Umara, babu harami a kansa, idan kuma niyyar ta zo masa daga baya yana can, sai ya ɗauka daga inda yake. Mata suna yin harami cikin tufafinsu na yau da kullum masu suturtawa, ba tare da nikabi da safar hannu ba. Wadda al'ada ta zo mata kada ta fasa yin niyya a mikati saboda wannan dalili: ta yi wanka ta yi niyya ta yi talbiya, ta bar nafila, ta kuma jinkirta ɗawafi har ta yi tsarki. A wannan wuri na Zul Hulaifa ne Asma'u 'yar Umais ta haifi Muhammadu ɗan Sayyidina Abubakar, Annabi (SAW) ya umarce ta da ta yi wanka ta ɗauki harami. Wanda yake da wata mas'ala ta daban ya tambayi malami tun yana masauki, malamai masu jin Hausa ba su da wuyar samu a Madina.

Kafin a bar masauki a duba manhajar Nusuk a ga ko ana bukatar izinin Umara a wannan lokaci, domin ƙa'idar tana sauyawa daga shekara zuwa shekara. Idan lokacin aikin Hajji ya gabato, ana hana shiga Makka ga duk wanda ba shi da tasrihi, wato takardar izinin Hajji, ko takardar zama ko aiki a garin, kuma tikitin jirgi ba ya maye gurbin wannan izini.

Ranar tafiya

A isa tasha awa ɗaya kafin lokaci, musamman idan akwai tsofaffi. Daga kusa da Masallacin Annabi akwai motocin bas da suke kai mutane tasha a kan kuɗi kaɗan, akwai tasi, akwai kuma motocin da ake kira ta waya irin su Uber da Careem, waɗanda suke raba mutum da ciniki. Wanda ya sauka a filin jirgin saman Yarima Muhammad bin Abdul'aziz na Madina ya sani cewa layin dogo bai shiga can ba, sai ya hau mota zuwa tasha. A cikin tashar akwai masallaci, da banɗakuna, da shagunan abinci da shayi, da wurin ajiye motoci, da ma'aikata masu taimaka wa mai keken guragu idan an nema. Ina ba da shawara a yi sallar da lokacinta ya shiga a masallacin tasha kafin a hau, tunda a cikin tarago babu sararin tsayuwa a fuskanci alƙibla cikin natsuwa, kuma nisan tafiyar ya ninka nisan da ake yin kasaru sau da yawa.

Za a sa kaya a na'urar bincike, sannan a nuna zanen tikiti a ƙofa, fasfo ko igama kuma su kasance a hannu, kada a cusa su a ƙasan akwati. Ana rufe ƙofar shiga 'yan mintuna kafin tashi, kuma idan an rufe babu roƙon da yake buɗe ta. A tikitin akwai lambar tarago da lambar kujera. A lokutan cunkoso akan haɗa jirgi biyu su zama ɗaya, sai dandamalin ya yi tsawo ƙwarai, kuma ba a ratsawa daga ɗaya zuwa ɗayan ta ciki, saboda haka a nemi lambar taragon tun daga waje, a tambayi ma'aikacin da ke tsaye a bakin ƙofa idan an yi shakka. Iyali su shiga tare, namiji ɗaya ya tsaya a baya har ya ga kowa ya hau.

A cikin jirgi akwai taragon da ake sayar da shayi da gahawa da ɗan abin taɓawa. Sanyin na'ura yana da ƙarfi, mai harami kuma ba shi da riga, don haka ya zaɓi mayafi mai kauri ya lulluɓe kafaɗunsa biyu, amma kada ya rufe kansa ko da barci ya ɗauke shi. A kiyayi tsumman goge hannu mai ƙamshi da sabulu mai turare, domin mai harami ba ya taɓa turare. A ci gaba da talbiya daga lokaci zuwa lokaci, maza da murya matsakaiciya da ba za ta dami maƙwabcin kujera ba, mata kuma a hankali. Tagogin za su nuna maka baƙaƙen duwatsun Madina, sannan tsaunuka da kwaruruka, sannan shimfiɗaɗɗen filin gaɓar teku wajen Rabig, kuma ni dai ban taɓa ratsa wannan wuri ba tare da na tuna mutanenmu da suka taka shi da ƙafa da salkar ruwa a kafaɗa ba. Wasu jiragen suna tafiya kai tsaye, wasu suna tsayawa a tashoshin hanya, shi ya sa tafiyar take kamawa daga awa biyu da 'yan mintuna zuwa kusan awa uku. Tsayawar tashoshin hanya gajeriya ce, kada wanda Makka ya nufa ya sauka don miƙe ƙafa, kuma kada a ga mutane da yawa sun tashi a Jidda a bi su.

Makka ita ce tasha ta ƙarshe, ba a wuce ta. Malaman Malikiyya sun ce mai Umarar da ya ɗauko harami daga mikati yana yanke talbiya idan ya shiga iyakar Haramin Makka, wadda ta ɓangaren Jidda take wajen Shumaisi, wato Hudaibiyya, wasu malaman kuma sun ce ya ci gaba har ya fara ɗawafi. Tashar Rusaifa tana da nisan kilomita uku zuwa huɗu daga Masallacin Ka'aba, a ƙofarta akwai bas masu zuwa kusa da masallacin da kuma tasi. A riƙe sunan masauki da unguwarsa a rubuce da Larabci a nuna wa direba, ko Misfala ce ko Ajyad ko Aziziyya, a fara kai kaya a ajiye, a sabunta alwala, a ba tsofaffi abinci su ɗan huta, sannan a fita ɗawafi. Wanda zai koma Madina ko zai kama jirgin sama a Jidda ya sayi tikitin komawa tun a daren da ya iso.